Kwalliya Shara-shara a Zafin Bazara: Yadda Za Ki Sa Launuka Masu Sanyi Fuska Ba Ta Yi Toka Ba

Daga Maris zuwa Mayu ne kamfanonin kayan kwalliya na Turai da Amurka suke fito da launukan da suka ware wa wannan lokaci: ruwan hoda mai haske, ruwan omo, shunayya mai sanyi, kore wanda aka sirka da fari, ruwan ƙwai. A can sanyi ne yake janyewa, itatuwa na fure, fuska ba ta zufa. A Bauchi kuwa waɗannan watanni su ne tsakiyar bazara. Zafi yakan haura digiri 35 da rana, a Afrilu har ya doshi 40. Kayan da ake tallatawa a can su ne suke iso mu a kasuwar Wunti da wajen masu sayarwa a WhatsApp da Instagram, amma fatar da za a shafa wa daban ce, iskar da za a shiga da su ma daban. Shi ya sa mace za ta sayi launin da ya burge ta a hoto, ta shafa, kafin la'asar fuska ta yi furu-furu kamar wadda ta fito daga ɗakin injin niƙa.

Launukan ba su da laifi, kuma suna yi wa baƙar fata kyau ƙwarai. Sai dai suna da ƙa'ida.

Me ya sa suke yin toka

Kaya iri biyu ne ake jerawa wuri ɗaya a kanti, alhali aikinsu ya sha bamban. Na farko shi ne wanda masu kwalliya ke kira fastel, wato launin da aka sirka da fari. Farin nan yawanci wani sinadari ne da za ki ga an rubuta titanium dioxide a bayan kwali, wani lokaci da lamba CI 77891. Aikinsa ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa ya kuma mayar da haske. A farar fata ba ya nuna kansa sosai, don shi da fatar sun kusa. A baƙar fata ko wankan tarwaɗa kuwa, farin ido yake fara gani kafin ya ga launin. Idan zufa ta zo ta kwashe man da ya riƙe shi, sai ya taru a layukan fata, a kan fatar ido da gefen hanci, ya zama tokar da ake gudu.

Na biyu shi ne shara-shara. Launin da ke cikinsa kaɗan ne, an narkar da shi a mai ko ruwa ko kakin da ba shi da launi, fatarki tana leƙowa ta ciki. Abin da zai fito a fuska haɗin launin kayan ne da launin fatarki. Jambaki shara-shara da kika gani ja wur a mazubinsa, idan ya hau leɓe mai duhu sai ya koma ja mai sanyi, mai zurfi.

Daga nan ƙa'idar ta fito. Shara-shara ki saye shi da ƙarfin launi fiye da abin da kike so ki gani a fuska, don fatarki za ta sanyaya shi. Fastel na gaske kuma ki ba shi wuri ɗaya tak, ko ido ko leɓe, ki kewaye shi da ruwan ƙasa. Wadda ta sa shi a ido da kumatu da leɓe lokaci guda, ko kayan nawa ta saya, toka za ta yi.

A wajen saye

Kada ki yarda da fitilar cikin shago. Hodar ido ko jan kumatu, ki ɗebo da yatsa ki goga a bayan hannu, ki murza sau biyu ko uku, ki fito bakin rumfa ki duba. Idan launin ya ɓace ya bar farin gari a layukan hannu, farin ya yi masa yawa, ki ajiye. Idan ya yi rauni amma har yanzu ana gane launinsa, shi ne naki. Wanda yake da ɗan sheƙi mai laushi ya fi wanda ba shi da sheƙi ko kaɗan kama baƙar fata, kuma ya fi sauƙin gyarawa idan hannu ya yi nauyi.

Fandeshan, wato man shimfiɗa mai launin fata, ba a gwada shi a hannu, don hannu da fuska ba sa zama launi ɗaya. Ki ja layi uku na launukan da lambobinsu ke bin juna a kan muƙamuƙi, su gangara zuwa wuya. Ki je ki ƙarasa cefane ki dawo bayan minti 15. Wasu suna ƙara duhu ko su juya ruwan goro idan suka haɗu da maiƙon fuska, kuma zafi yana gaggauta hakan. Layin da kika rasa gane inda yake, shi za ki ɗauka. Kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara da Nuban Beauty don fatarmu suke haɗa lambobinsu, saboda haka ba lallai sai na waje ba. Na gwaji da kowa ke taɓawa kuma kada ya kusanci idonki ko leɓenki.

Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Akwai kuma ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani da aka rubuta 6M ko 12M ko 24M a jikinsa: adadin watannin da kayan zai yi ke nan bayan an buɗe. Wanda aka baje a faranti rana na dukansa tun safe, ko kika ga mai ya rabu ya taso sama, ko jambakin da ya yi ɗigon gumi a jikinsa yana warin tsohon mai, ko kyauta aka ba ki kada ki sa.

Game da wane launi ya dace da wa, dabarar duba jijiyar hannu da ake yawan faɗa ba ta aiki a fata mai duhu, jijiyar ba ta nunawa. Ki ɗauki gyale biyu, mai ruwan zinare da mai ruwan azurfa, ki kara kowanne a ƙarƙashin haɓa a gaban taga. Idan zinare ya fi haska ki, fatarki mai ɗumi ce: ki nemi ruwan goro mai sanyi, ruwan hoda mai ɗan ja-ja, da kore mai sheƙin zinare. Idan azurfa ce, shunayya mai sanyi da ruwan omo naki ne. A ganinmu babu launin da ya kai shunayya mai sanyi kyau a baƙar fata mai zurfi, kuma babu wanda ya kai ruwan ƙwai wuyar sha'ani: farar mace yakan sa ta yi kamar ba ta da lafiya, baƙa kuma sai an yi masa shimfiɗa sosai kafin ya fito.

Fata tukuna

Kwalliya shara-shara ba ta ɓoye komai, don haka rabin aikin a fata yake. Bazarar ma kashi biyu ce. A Maris iska a bushe take, da ragowar ƙurar hunturu, fata na ja, gefen baki na ɓarewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, idan hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, sai gumi da maiƙo. Man da ya yi miki a Maris zai yi miki yawa a Mayu, ki rage shi zuwa rabi ko ki koma mai ruwa-ruwa.

Ki wanke fuska da ruwa mai sanyi da sabulu mai laushi. Sabulun salo yana wanke maiƙo tas, amma idan kullum ne safe da yamma yana busar da fata, busasshiyar fata kuwa ita ce ta fi kama farin gari. Dilka da halawa da kurkum a yi su kwana biyu kafin ranar fita, domin fatar da aka murza yau tana ja tana zafi, launi mai sanyi ba ya zama a kanta. Man kaɗanya da basilin na dare ne. Idan suna ƙarƙashin kwalliya da rana, komai zai zame.

Man shafawa girman ƙwayar wake biyu ya ishi fuska. Ki jira minti biyar. Sannan man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, tsawon yatsu biyu, na fuska da wuya. Baƙar fata ma tana buƙatarsa, musamman mai tabon ƙuraje, don rana ce take ƙara wa tabo duhu. Amma ki lura, wanda aka yi da zinc oxide ko titanium dioxide zalla yakan bar fari ko shuɗi-shuɗi a fatarmu, ya ɓata aikin tun kafin a fara. Ki nemi wanda yake ɓacewa idan an murza, ko wanda aka sa masa launin fata. Ki ba shi minti 10 zuwa 15 ya zauna. Gaggawa a wannan gaɓar ita ce take sa kayan su riƙa murmushewa suna fita dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin yatsa.

Firaima, wato man da ake sawa kafin kwalliya don ya riƙe ta, ba ta dukan fuska ba ce. Girman ƙwayar masara, a goshi da hanci da haɓa, a danna kada a murza.

Wata magana da ba a so amma dole a faɗa: fatar da man bilicin ya taɓa, wadda ta yi siriri, kumatu suka yi ja, gefen ido ya yi baƙi, wannan salon ba zai rufa mata asiri ba. Yawancin mayukan nan suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi da ke cinye kaurin fata, kuma daina wasunsu farat ɗaya yakan tayar da ƙuraje. Wurin likitan fata za a fara zuwa, kwalliya ta biyo baya.

Shimfiɗa

Ba sai kin sayi sabon fandeshan ba. Wanda kike da shi mai kauri za ki sirka. A bayan hannu, ki sa ɗigo ɗaya na fandeshan da ɗigo ɗaya na man shafawa mai ruwa-ruwa, ki gauraya da yatsa. Idan fatarki sumul take, ɗigo ɗaya da biyu. Ki duba haɗin: idan ya zama abu ɗaya mai santsi, madalla. Idan ya tsinke ko ya yi gudaji, man da fandeshan ɗin ba sa jituwa, ki canza man. Kada ki sirka da man kariya daga rana, hakan yana rage ƙarfin kariyar, kuma ba ta shimfiɗuwa daidai.

Ki jiƙa soson kwalliya, ki matse, ki sake matse shi a cikin tawul har ya daina ɗiga. Ki fara daga tsakiyar fuska, gefen hanci da kewayen baki inda launi ya fi rarrabuwa, kina dannawa kina yin waje. Abin da ya rage a soso shi za ki kai goshi da muƙamuƙi. Bakin goshi da gefen fuska, inda ɗankwali da mayafi suke gogawa, kusan babu komai ya kamata ya je can. Kin huta da wankin farin hijabi, kuma babu layin da zai raba fuska da wuya.

Tabo kuma a bi shi ɗaya-ɗaya. Konsila, wato man ɓoye tabo, idan mai haske ce a kan baƙin tabo toka take zama, don duhun yana leƙowa ta ƙarƙashin farin. Ki fara ɗiga mai gyara launi, ruwan goro ga wankan tarwaɗa, ja-ja mai duhu ga baƙa, girman kan ashana a kan tabon kaɗai. Ki danna da ɗan yatsa, ki jira minti ɗaya, sannan konsila mai launin fatarki daidai a kai. Ƙarƙashin ido mataki ɗaya na haske ya isa, ɗigo biyu a kusurwar ciki, ɗaya a ta waje. Faffaɗan farin nan da ake zanawa amare daga ido zuwa kumatu na wata kwalliyar ne, idan ya haɗu da fastel fuska ba ta da sauran wurin hutawa.

Hoda ki zaɓi ta gari mai launi, ruwan zuma ko ruwan ƙasa gwargwadon fatarki. Ki taɓa burushi, ki karkaɗe, ki danna a goshi da hanci da haɓa da ƙarƙashin ido. Kumatu a bar su. Kada ki jibga ta ki bari ta zauna na mintuna kamar yadda ake yi a kwalliyar amare, wannan yana kashe shara-sharan gaba ɗaya. Farar hodar da ake cewa ba ta da launi, musamman mai sinadarin silica da yawa, ido ba ya ganinta amma fitilar kyamara tana gani. In dina za ki ko kamu da dare, ki shiga ɗaki mai duhu ki ɗauki kanki hoto da fitilar waya kafin ki fita. Gara ki gani da kanki da ki gani a hotunan biki.

Gira: jagira ruwan ƙasa mai duhu, gajerun layuka bin gashi, a taje. Baƙar jagira mai kauri tana danne launi mai sanyi.

Ido, inda aikin yake

Fatar saman ido ta fi ko'ina maiƙo, tana naɗewa duk ƙiftawa, kuma a yawancinmu ta fi sauran fuska duhu. Abu uku ke nan da suke yaƙi da fastel. Saboda haka ba a ɗora shi kai tsaye.

Ki fara share maiƙon da tishu. Ki sa firaimar ido, ko konsila mai haske mataki ɗaya, girman ƙwayar gero a kowane ido, ki baza ta siriri daga gashin ido zuwa inda fatar ke naɗewa. Idan ta yi kauri ita ce za ta fara tsagewa. Sai ki ɗauki burushi mai taushi da hodar ido ruwan ƙasa, wadda ta ɗan fi fatarki duhu ko ja, ki bi lanƙwasar ido da ita kina kai da komo, har ta haura kaɗan. Wannan ruwan ƙasa shi ne gadar da ke tsakanin fastel da fatarki. Idan babu shi, launin zai tsaya shi kaɗai da kaifin baki, kowa ya ga inda ya fara da inda ya ƙare.

Yanzu fastel. Da yatsa ko burushi mai faɗi mai tauri, ki danna shi a tsakiyar fatar ido, a kan konsilar da ba ki sa wa hoda ba, don ɗan danshinta ne zai kama shi. Dannawa ake yi, ba sharewa ba. Shara tana tayar da garin ya zubo a kumatu, abin da ya rage a ido kuma farin ne. Shafi ɗaya siriri, ki buɗe ido ki kalli madubi daga nesa da tsawon hannu, sannan ki ƙara na biyu in da buƙata. Na uku ba ya ƙara launi, kauri kawai yake ƙarawa. Ki koma burushin farko, ba tare da kin ƙara masa komai ba, ki goge bakin da launukan biyu suka haɗu.

Idan launin ya ƙi fitowa, ki fesa wa burushi ruwan riƙe kwalliya sau ɗaya bayan kin ɗebo hodar, sannan ki danna. Kada ki fesa a cikin mazubin, saman hodar zai daskare ya daina ɗebuwa. Kada kuma a jiƙa burushi da yawu, hanyar ciwon ido ce.

Mai fatar ido da ke rufowa, wadda in ta buɗe ido ba a ganin saman, ta kai launin sama da lanƙwasar kaɗan tana kallon madubi ido buɗe. Wadda kuma ba ta saba ba, ko aiki za ta ko makaranta, akwai hanya mai sauƙi: ruwan ƙasa a duk fatar ido, sai ɗigon fastel a kusurwar ido ta wajen hanci, ko siririn layi a ƙarƙashin gashin ido na ƙasa daga tsakiya zuwa waje. Da hijabi ma wannan ya fi fitowa, don ido ne kaɗai ke magana.

Launi mai sanyi yana bukatar baƙi kusa da shi, in ba haka ba ido sai ya yi kamar an tashi daga barci. Siririn gazal a gindin gashin ido na sama ya wadatar, da maskara shafi biyu. Gashin ido na kanti mai tsawo da cika yana rufe fatar idon da kika sha wahala a kanta. Game da kwalli kuwa, na dutse da ake niƙawa yawancinsa ma'adinin dalma ne, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare. Amurka ba ta yarda a shigar mata da irin wannan kwalli ba saboda haka. Mun san tozali gado ne, kuma ba a raba Bahaushiya da shi, amma a nemi fensirin ido mai rajista, kuma ko kusa kada a sa wa jariri na dutse. Maskara kuma wata uku ne ranta bayan an buɗe. Ba a ara, ba a ƙara mata ruwa idan ta bushe.

Kumatu da leɓe

Jan kumatu fastel na gari shi ne ya fi kowane kaya saurin yin toka, mu dai ba ma ba da shawararsa ga mai duhun fata. Ki ɗauki na mai ko na ruwa, shara-shara, mai ƙarfin launi: ruwan goro mai ja ga wankan tarwaɗa, ruwan zoɓo ga baƙa. Ɗigo ɗaya a bayan hannu, ki taɓa da yatsu biyu, ki danna a saman ƙashin kumatu kina yin wajen kunne. Kada ya sauko ƙasa da hanci. Idan ya yi yawa, soson da kika yi fandeshan da shi zai rage shi. Jambakinki ma zai yi wannan aiki idan kin murza shi a hannu ya yi laushi.

Leɓe kuma sai an yi haƙuri da shi. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah a bazara take faɗowa, leɓen da ya sha azumi da zafi kuwa a tsage yake, kuma launi mai haske yana shiga kowace tsaga ya nuna ta. Tun ana saura kwana uku ki riƙa shafa man kaɗanya kafin barci. Ki haɗa rabin ƙaramin cokali na sukari da rabin na zuma, ki murza a hankali na daƙiƙa 30, ki wanke. Sau biyu a mako ya isa, kuma ba a yi a kan leɓen da ke jini. Ranar kwalliya ki sa man leɓe tun da farko, idan kin zo kansa ki share da tishu.

Yawancinmu leɓen sama ya fi na ƙasa duhu, gefe kuma ya fi tsakiya. Jambaki fastel daga gefe zuwa gefe a irin wannan leɓe shi ne kuskuren da aka fi gani a wajen biki. Ki zagaye leɓe da fensiri ruwan ƙasa mai duhu, ki shigo da shi ciki kamar kashi ɗaya cikin uku, ki murza bakin da yatsa. Ki ɗiga fastel a tsakiyar leɓen ƙasa da na sama da ɗan yatsa, ki haɗa leɓe sau biyu. Sai mai sheƙi mara launi ko shara-shara a tsakiya kaɗai. Idan farin layi yana taruwa a cikin leɓe bayan kin yi magana, jambakin ya yi yawa ko ya shiga inda yawu yake, ki share cikin da tishu, gobe ki rage. Idan a acaɓa ko Keke Napep za ki, ki bar mai sheƙin a jaka sai kin isa, don ƙura da bakin mayafi duk a kansa suke mannewa.

In kin sa fastel a ido, leɓe ya tsaya a ruwan ƙasa da sheƙi. Ki kuma duba kayan da za ki sa. Leshi ruwan omo da ido ruwan omo da gyale ruwan omo sun yi yawa. Atamfa mai launuka da dama, ki ɗauki mafi ƙanƙantar launi a zanenta ki kai ido.

Zufa, alwala, da ajiya

Ki rufe da feshin riƙe kwalliya daga ɗan nesa, fesa uku ko huɗu, ki bari ya bushe da mafici. Idan zufa ta zo, kada ki goge, kada kuma ki ɗora hoda a kan jiƙaƙƙiyar fuska, nan take za ta yi taɓo. Ki raba tishu gida biyu, ki ɗora falle ɗaya ki danna, ki ɗaga. Ki yi fifita minti biyu. Sai fuska ta bushe sannan hoda kaɗan a hanci da goshi, in ma akwai bukata. Fastel da ya taru a lanƙwasar ido, ɗan yatsa mai tsabta zai mayar da shi wurinsa.

Ki yi alwala kafin ki zauna gaban madubi. Idan ta karye, abin da malamai suka yi bayani shi ne duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata sai an gusar da shi. A nan wannan salon ya fi mai kauri sauƙi nesa ba kusa ba: abin da ke fuskar kaɗan ne, ya fita da wuri, a mayar da shi cikin minti biyar. Saboda haka ranar da za ki wuni a gidan biki, ki guji kayan da aka rubuta ba sa jin ruwa, ki sa ɗan sabulun fuska da konsila da hoda da fensirin leɓe a jaka. Jan farce na kanti ma shamaki ne, shi ya sa da yawa suke barinsa sai kwanakin da ba sa salla, sauran lokaci lalle.

Zafin ɗaki mai rufin kwano da rana ya isa ya narkar da jambaki ya raba fandeshan. Ki ajiye su a akwati mai murfi, a ƙasa-ƙasa, nesa da taga, kada a bar su a mota. Firji ba mafita ba ne inda wuta ke zuwa tana tafiya, sanyi da zafi suna sa raɓa ta taru a cikin mazubi. Fensirin ido ko na leɓe da ya yi laushi dai ana iya sa shi a firjin minti 10 kafin a fiƙe.

Da dare ki narkar da kwalliyar da ɗan man zaitun a auduga, ido a rufe, ki danna daƙiƙa 20 kafin ki share, sannan sabulu ya biyo don kada man ya kwana ya toshe fata. Soso a wanke shi duk ranar da aka yi aiki da shi, a shanya inda iska ke shiga, kada a mayar da shi jaka da danshi. Burushi sau ɗaya a mako, a kwantar da shi ya bushe, don in an tsayar da shi ruwa yana gangarawa ya saki gam ɗin da ya riƙe gashin. Ki ware burushi ɗaya na fastel kaɗai, ki ɗaura masa zare a gindi don ki gane shi: ragowar ruwan ƙasa ko baƙi ko kaɗan ne a gashinsa, shunayya mai sanyi za ta fito miki ruwan toka.